Motar da Ta Tuƙa Kanta a Maigatari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis a Maigatari, kuma ko na so in manta, direbobin bakin iyaka ba za su bari ba. Abin ya faru a gaban mutanen da ba su da aikin da ya wuce jiran takarda da ba da labari, don haka kafin in iso Gumel labarina ya riga ni isowa.

Bari in fara gaya muku sana'ata, don ba kowa ke yarda sana'a ce ba. Ni ɗan jarida ne, kuma abin da nake rubutu a kai shi ne wasannin bidiyo, wato gem. Ranar da na gaya wa mahaifiyata na samu aiki ta yi hamdala, ta tambaye ni a wace ma'aikata. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Wannan abin da nake dukanka a kansa kana ƙarami, shi ne yanzu ake biyanka?" Na ce shi ne, Inna. Ta ce, "To, Allah ya sa albarka," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Shafinmu na intanet ne, da Hausa zalla. Wanda ya kafa shi Malam Nura ne, tsohon malamin sakandare da ya gaji da alli ya koma rubutu. Ofishinmu ɗaki ne guda a saman shagon wani tela a Gumel, dab da kasuwar hatsi, inda in ana sauke buhunan gero sai mun rufe taga saboda ƙaiƙayi. Shi ke rubuta labarin wayoyi da kayan sola, shi ne kuma edita. Ni ke da ɓangaren gem.

Kuma ba yabon kai ba (to, yabon kai ne), na iya aikina. Ni ke gaya wa mutane wane wasa ne zai yi a ƙaramar waya ba tare da ya daskarar da ita ba, wanne ne ke shanye data kamar ana zuba ruwa a rairayi, wanne ne kuma za ka iya bugawa a inda babu sabis sam. Ni ke gwada hannu, wato abin nan da ake riƙewa ana dannawa, in faɗi wanda zai jure da wanda zai mutu a mako biyu. Masu karanta ni ba yara ba ne kamar yadda ake zato. Akwai ma'aikatan sakatariya, akwai masu gidajen gem a Gagarawa Tasha, akwai malaman firamare a Sule Tankarkar. Amma mafi yawansu direbobin manyan motoci ne da ke kwana biyu, kwana uku a Maigatari suna jiran a sake su, ba abin da ke raba su da hamma sai wayar hannunsu. Su ne ke turo mini saƙon murya su ce, "Malam, wancan da ka ce, gaskiya ne." Wannan kalmar ita ce jarina. Ba ni da mota, ba ni da fili, amma in na ce abu ba shi da kyau, ba ya sayuwa a garuruwan nan huɗu. Haka dai nake gaya wa kaina.

Sai ga Alhaji Tasi'u. Ɗan kasuwa ne a Maigatari, yana shigo da fitilun sola da fankoki da wayoyi, kuma shi ne kaɗai babban mai ba mu talla. Tallarsa ce ke biyan hayar ɗakin nan na saman tela, ita ke sa mana data. Mutum ne mai fara'a, in ya kira waya sai ya tambayi iyalinka ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga magana. Wata rana ya shigo da wani ƙaramin akwatin gem da ake haɗawa da talabijin, ya sa aka manna masa suna Sarkin Gem, ya aiko mana da guda ɗaya mu duba. A jikin kwalin an rubuta cewa akwai wasanni dubu a ciki.

Kwana uku ina gwada shi. Wasannin dubu, da na zauna na bi su, ashe 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa ana sauya musu suna da launi. Akwatin yana ɗaukar zafi har ba ka iya ɗora yatsa. Hannun kuwa, wanda ba shi da igiya, in akwatin ya yi zafi sai su daina jin maganar juna, ka yi ta dannawa a banza. Na kuma lura da wani abu da a lokacin dariya kawai ya ba ni: in wasan tseren mota ya daina jin motsin hannu, sai ya koma nuna kansa, motar ta ci gaba da gudu ita kaɗai, irin yadda ake shirya su don jan hankalin mai saye a shago.

Na rubuta sharhina. Har yau ina ganin yana cikin mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa. Na miƙa wa Malam Nura, ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Duk gaskiya ne?" ya tambaye ni.

"Duk, Malam."

"Alhaji ya kira ɗazu."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya gaishe ni, ya gaishe ka, ya ce ya zuba kuɗi da yawa a kayan nan, kuma ya san 'ya'yansa ba za su ba shi kunya ba. Sannan ya tambaye ni yaushe ne ma hayarmu za ta ƙare."

Ƙarar keken tela na tasowa daga ƙasa. Malam Nura bai ce in yi ƙarya ba, wannan dole in yi masa shaida. Cewa ya yi, "Ka duba ko akwai yadda za a faɗi abin da taushi." Ni kuma na miƙe tsaye na yi masa lacca a kan 'yancin ɗan jarida, da amanar masu karatu, da yadda alƙalamina ba na sayarwa ba ne. Na yi minti goma ina magana. Har na so a ce akwai mai ɗauka.

Washegari Alhaji da kansa ya kira ni. Ya ce za a yi bikin ƙaddamar da Sarkin Gem ranar kasuwa a Maigatari, kuma ba wanda ya dace ya nuna wa jama'a yadda ake bugawa sai ni, domin duk yankin nan babu masani kamata. Ya ce za a sa sunana a jikin ƙyalle. Da la'asar kuma sai ga ɗan acaɓa ya kawo mini ƙunshi: sabuwar waya fil, irin wadda na daɗe ina kallo a hoto. "Don aikinka ya yi sauƙi," in ji saƙon da ya biyo ta.

Zan so in ce muku talauci ne ya karya ni, ko tausayin Malam Nura da hayarsa. Amma a'a. Wayar ce, da ƙyallen nan mai sunana. Alƙalamin da na ce ba na sayarwa ba ne, ko tayi biyu ba a yi masa ba.

Na zauna na gyara sharhin. Ban share komai ba, sauya masa kaya kawai na yi. Inda na ce akwatin yana zafi, na mayar da shi "yana aiki da kuzari". Inda na ce wasannin maimaici ne, na ce "za ka tarar da wasannin da ka saba da su cikin sabuwar kama". Maganar hannun da ke mutuwa kuwa (Allah ya yafe mini) na rubuta cewa "yana ba ɗan wasa damar ɗan hutawa lokaci zuwa lokaci". Na kammala da cewa duk mai son buɗe gidan gem da ɗan ƙaramin jari, ga dama ta samu. Malam Nura ya karanta, bai cire tabarau ba wannan karon, bai kuma dube ni ba. Ya ɗora a shafi.

Kwana biyu bayan haka Kawu Ilu ya kira ni. Ƙanin mahaifiyata ne, yana zaune a wani ƙauye gefen Sule Tankarkar, yana noma yana kiwo. Mutum ne da ba ya yawan magana, shanunsa sun fi mu jin muryarsa, su ma da Fillanci. Ban taɓa zaton ya san akwai wani abu wai shi gem ba.

"Ɗana, an karanta mini abin da ka rubuta," ya ce. "Ɗakin nan nawa na bakin hanya yana nan a rufe tun bara. Samarinmu kullum sai sun hau babur sun tafi gari don wasan nan. Na ce tunda kai ka ce yana da kyau, zan saya kamar guda shida in zuba a ciki, ko rani ya zo da ɗan abin shigowa. Ranar Alhamis zan shigo Maigatari."

Ga dama ta zo har gida. Kalma uku kawai ake bukata. Amma wayar da nake riƙe da ita a kunnena ta Alhaji ce, kuma wallahi ji na yi kamar yana cikinta yana saurare. Sai na ce, "To Kawu, bari dai mu haɗu a can, za mu yi magana." Na lallashi kaina da cewa zan ja shi gefe kafin a fara.

Ranar Alhamis na sa sabuwar shaddata ruwan toka, na kafa hula, muka shiga mota ni da Malam Nura. Duk wanda ya san Maigatari ranar kasuwa ya san abin da nake nufi: shanu da raƙuma ta ko'ina, babura na ratsa mutane, manyan motoci a jere har inda ido ya ƙare, Hausar Kano da ta Damagaram na gogar juna. An kafa rumfa a ƙofar shagon Alhaji, an jingine wani ƙaton talabijin a kan tebur, janareto na ruri a baya. Ga kuma ƙyallen, ga sunana, har an ƙara mini "Farfesan Gem" a gaba. Na tsaya na ɗauki hoto da shi. (Sau huɗu.)

Na nemi Kawu ban gan shi ba, yana can kara wajen dabbobi. Kafin in sake waigawa an ja ni an zaunar a kujerar gaba, an miƙo mini lemo mai sanyi, kuma maganar jan wani gefe ta fice mini daga kai.

Jama'a suka taru, direbobi suka cika gaba. Na gane wasu daga hotunansu, musamman wani dogo mai rawani, Mamman Sani, mutumin Damagaram, wanda ya fi kowa turo mini saƙo. Ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa kamar ɗan takara. Mai gabatarwa ya kama lasifika ya yi ta zuba mini kirari, ya ce ga mutumin da bai taɓa faɗin abin da ba haka ba ne. Aka tafa. Na miƙe, na karɓi hannun, na zaɓi wasan tseren mota da gangan don in burge direbobi. A daidai lokacin na hango Kawu Ilu ya iso, ya tsaya can gefe da sandarsa da malfarsa.

Da farko komai ya tafi daidai. Motata ja ce, na tashe ta, na wuce ɗaya, na wuce biyu. Ina bugawa ina bayani a lasifikar da mai gabatarwa ya kara mini a baki. Abin da ban lissafa ba shi ne an kunna akwatin tun hantsi, kuma rana ta kewayo tana dukansa kai tsaye.

Sai na ji abin da na sani. Na danna hagu, motar ba ta je hagu ba. Na danna birki, ba ta tsaya ba. Hannun ya mutu. Na jira ta daki bango kowa ya gani. Sai allon ya ɗan ƙifta, motar ta gyara kanta ta miƙe a kan hanya, ta ci gaba da gudu. Wasan ya koma nuna kansa.

Babu wanda ya lura. A ƙasan allon akwai ɗan rubutun Turanci yana ƙyaftawa, mai cewa a danna don a fara, amma wa ke kallon ƙasan allo alhali jar mota na cin kwana?

A nan ne ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Na ci gaba da dannawa. In motar ta karkata dama sai in karkata jikina dama, in ta yi hagu in bi ta hagu, ina cije leɓe kamar mai fama. Har bayani nake yi. "Kun ga nan, sai ka ɗan sassauta kafin ka shiga kwana. Yauwa. Kun gani ko? Hannun yana jin magana sosai." Kuma gaskiya motar ta fi ni iya tuƙi nesa ba kusa ba. Direbobi suka fara sowa, wani ya ce a ba ni tirela kawai. Abin kunyar da ya fi duka shi ne daɗin yabon nake ji har cikin raina, kamar da gaske ni ne.

Alhaji Tasi'u ya ji daɗi har ya kasa zama. Ya taso daga kujerarsa da babbar rigarsa, ya nufo ni yana murmushi, ya miƙo mini hannu.

To ni an yi mini tarbiyya. Babba ba ya miƙo maka hannu ka ba shi guda ɗaya. Ba tare da na yi tunani ba na ajiye hannun gem ɗin a kan tebur, na rusuna, na kama hannun Alhaji da hannayena biyu. Shi kuma ya riƙe ni gam, ya juya mu muka fuskanci masu ɗaukar hoto.

A bayanmu, a kan ƙaton talabijin, jar motar ta shiga wata muguwar kwana, ta fita lafiya lau, ta wuce motoci biyu a jere.

Sowar ta fara raguwa daga gaba, ta yi ta mutuwa har baya. Sai ƙarar janareto kawai. Ina tsaye a rusune, hannayena biyu cikin na Alhaji, ina murmushin hoto, kuma na san abin da kowa ke kallo.

Mamman Sani ne ya yi magana. Bai ɗaga murya ba, tambaya ya yi tsakani da Allah.

"Malam, shekara ashirin ina tuƙi, ban taɓa sakin sitiyari mota ta ci kwana ba. Kai ke tuƙa ta, ko ita ke tuƙa ka?"

Dariyar da ta biyo baya, ina jin har kara an ji ta. Wani ya zauna a ƙasa. Wani ya ɗauki hannun daga kan tebur ya ɗaga shi sama yana juyawa, mota na ta gudunta. Gumi ya jiƙa mini shadda har ta sauya launi.

Mai gabatarwa, wanda ya san aikinsa, ya yi wuf ya ce, "Jama'a, ai wannan ita ce sabuwar fasahar. Sarkin Gem har tuƙa kansa yake yi in ka gaji. Ko ba haka ba, Farfesa?" Ya kara mini lasifika a baki. Alhaji ya ɗan matse mini hannu. Wasu ma har sun fara gyaɗa kai. Da na ce "haka ne", da an wuce wurin, a yi dariya a watse.

Na ɗago kai sai muka haɗa ido da Kawu Ilu. Shi bai yi dariya ba. Bai san gem ba, bai san abin da ya faru ba, ni kawai yake kallo yana jiran abin da zan ce, hannunsa ɗaya a kan aljihun gaban rigarsa da ya yi tudu.

Na zare hannuna daga na Alhaji. Duk laccar nan ta minti goma da na yi wa Malam Nura, ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba. Abin da ya fito daga bakina, a lasifika, a gaban kasuwar Maigatari, shi ne:

"Kawu, kada ka saya."

Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Amma da ta fita sai sauran suka biyo. Na ce hannun ya mutu tun ɗazu, dannawar banza nake yi. Na ce akwatin yana zafi, wasannin ba dubu ba ne, kuma na san haka tun kafin in rubuta abin da na rubuta. Na ce laifin nawa ne, ba na wanda ya karanta ya yarda da ni ba. Na ce wa direbobi su yafe mini.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya gyara rigarsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka gama, yaro?"

"Na gama, Alhaji."

"To ajiye mini wayata."

Kun ɗauka kunya ta ƙare? Na ciro wayar, amma layina na ciki, kuma irin wayar nan sai da tsinke ake buɗe ta. Haka na tsaya a gaban jama'a, Farfesan Gem guda, ina tambayar ko akwai mai allura. Wata baiwar Allah mai sayar da fura ce ta cire fil daga mayafinta ta miƙo mini. Ina buɗewa layin ya faɗi cikin rairayi, na durƙusa da sabuwar shadda ina tonawa. Mamman Sani ne ya tsinto mini shi. Da zai ba ni ya ce a hankali, "Wancan da ka rubuta bai yi kyau ba, Malam. Wannan da ka faɗa yanzu ya yi."

Malam Nura ya tsaya ba Alhaji haƙuri, ni kuma na bi Kawu. A bayan wata akori-kura muka dawo, ni da shi da awaki uku na wani mutum. Muka yi nisa a kan hanya. Can na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Amma dai Allah ya sa ba ka saya ba."

Ya amsa idonsa na kan gonaki.

"Ban saya ba," ya ce. "Amma bijimin na riga na sayar da shi da safe. Da ka faɗa mini a waya, da yanzu yana gida yana cin harawa."

Dariyar kasuwa gaba ɗaya ba ta shige ni kamar wannan maganar ba. Bijimin nan shekara uku yana kiwonsa.

Kwana biyu Malam Nura bai yi mini magana ba, sai gaisuwa. Na fara tattara 'yan takarduna a raina. Ranar Asabar da safe ya ce, ba tare da ya ɗago daga kwamfuta ba, "Sharhin nan na farko yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce in turo. Ya ɗora shi a shafi yadda yake, ko waƙafi bai taɓa ba, a samansa kuma ya rubuta 'yan layuka: cewa mun wallafa abin da muka san ba daidai ba ne saboda muna tsoron rasa talla, kuma muna neman afuwa. Ya sa sunansa kafin nawa. Na ce masa ai ni na rubuta. Ya ce, "Ni na ce ka sa taushi."

Alhaji ya janye tallarsa, kamar yadda kowa ya zata. Da haya ta ƙare muka sauko daga saman tela muka koma zauren gidan Malam Nura, inda muke aiki kaji na ratsa mu. An sha wuya na wasu watanni, ba zan ɓoye ba, har na koma koyar da darasin yamma don in riƙe kaina. Amma shafin bai mutu ba. Wani mai gyaran waya a Gagarawa Tasha ya kawo 'yar tallarsa, wani mai sayar da caja a Gumel ya biyo. Muka kafa ƙa'ida muka rubuta ta a saman shafi inda kowa zai gani: talla za a rubuta mata "talla", sharhi kuma ba ya bi ta hannun mai kaya kafin ya fita, kuma ba ma karɓar kyauta. Akwai masu talla da suka karanta suka juya. Waɗanda suka zauna sun san abin da suke saye.

Daga baya muka ji cewa Alhaji kansa bai taɓa kunna akwatin ba kafin ya yi oda, shi ma rufe shi aka yi, kuma ya yi ta fama har ya mayar da mafi yawan kayan. Bai dawo mana da talla ba har yau. Amma bayan kusan shekara guda sai ga ɗan acaɓa da ƙunshi a ƙofar zaure: wani sabon hannun gem, da 'yar takarda. "A duba mini wannan kafin in sayo. A faɗi gaskiya. A dawo mini da shi." An ja layi biyu a ƙarƙashin jimlar ƙarshe. Na gwada shi mako guda, na ce yana da kyau amma madanninsa na hagu yana da tauri, na mayar masa. Ban san takardar yabo da ta kai wannan a wurina ba.

Kawu Ilu kuwa ya sayi karsana da kuɗin bijimin, ya yi ciko daga aljihunsa. Ya sa mata suna da Fillanci, kuma da na matsa a fassara mini sai matarsa ta rufe baki da mayafi ta ce ma'anarsa "kada ka saya".

Abin da na koya ba wani babban ilimi ba ne. Ƙarya a rubuce tana da sauƙi saboda babu mai ganin hannunka lokacin da kake yin ta. Yanzu duk jimlar da zan rubuta sai na tambayi kaina ko zan iya tsayawa a bakin kasuwa in maimaita ta a lasifika, kayan na kunne a bayana cikin rana. In ba zan iya ba, sai in goge. Na kuma koyi cewa in mai talla ya miƙo maka hannu, ka gaishe shi da ladabi, amma ka fara duba abin da za ka saki kafin ka kama.